Sauran Irin Kurma

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na koma aiki yau. Alhamdu lillahi, da ƙafata na hau benen, ban jingina da kowa ba. Rabona da ɗakin gwajin nan tun ranar da kofin shayi ya suɓuce mini, bakina ya karkace, aka kwashe ni sai asibiti. Bakin ya dawo daidai, ƙafar ma ta dawo. Hannun dama ne ya ce shi ba yanzu ba. Rawa yake yi, musamman idan na matsa masa.

Kowa ya yi murna. Farfesa ta rungume ni har gilashina ya goce. An share teburina, an wanke farar rigata an goge. Abokin aikina da nake kira Mai Gawa kaɗai ya ɗago kai daga madubin ƙara girma ya ce, "Sannu da dawowa, Uwar Kurma," ya mayar da kansa. To, na gode. Daga bakinsa wannan ma doguwar gaisuwa ce.

Ban zauna ba sai da na jawo aljihun teburina. Kwalbar irin Kurma, ciyawar da nake nazari, na nan inda na bar ta, amma garin da ke shanye laima a cikinta ya canza launi, murfin kuma bai rufu sosai ba. Duk duniya babu mai irin nan sai ni, kuma ni ɗin ma iya abin da ke cikin kwalbar nan ne.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na shuka shi duka, da hannun hagu. Iri ne kamar ƙura, numfashi ma watsa shi yake yi. Rabi ya tafi inda na nufa, rabi inda ya ga dama.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mai yi mini gashin hannu a asibiti ta ce in riƙa ninke wanki, wai yana koya wa yatsu natsuwa. Ina fama da rigunan maigidan, shi yana zaune yana kallona, sai ya ce, "Dakta, wai tsakani da Allah me ya sa kike ce wa ciyawar nan Kurma?" Shekara da shekaru ina wannan aikin bai taɓa tambaya ba, sai da na kusa mutuwa. Na yi masa tsiya tukuna, sannan na gaya masa.

Na ce kowace ƙwayar halitta a jikin tsiro tana ƙera furotin, shi ne ma'aikacin da ke yin komai a ciki. Amma yana fitowa ne a miƙe kamar dogon zare, ba ya aiki sai an ninke shi wani irin ninki nasa na kansa. Akwai ɗaki guda a cikin ƙwayar da ake wannan ninkin. Idan zafi ya yi yawa, ninkin ya riƙa lalacewa, zaren ya cukurkuɗe, ya manne da juna, ɗakin ya cushe. To a bangon ɗakin akwai masu gadi. Da sun ji cunkoso sai su aika wa cibiyar ƙwayar: a rage shigo da sabon aiki, a ƙaro masu taya ninki, a kwashe wanda ya lalace a narkar. Idan abin ya gyaru, shi ke nan. Idan ya ƙi, ƙwayar ta kashe kanta don maƙwabtanta su tsira.

"Ita taki fa?"

Na ce ita tawa ba ta da masu gadin. Ɗakin na cushewa, ba ta ji. A sanyi lafiya lau take, ba ka bambanta ta da sauran. Da ita muke gane abin da gadin yake hanawa, kuma wata rana da wannan sanin za a taimaki amfanin gona ya jure zafi.

Ya ce, "Ashe mai lalura kike raino." Sannan ya karɓi rigar da na ninke ya warware ta ya sake ninkewa, wai na karya masa wuyan rigar. Mutumin nan shi ya yi ta ba ni abinci a baki a asibiti. Na bar shi ya ninke abinsa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Bakwai sun fito! Cikin ɗaruruwa, bakwai. Na tsaya a ɗakin rainon tsirrai ina ta godiya ga Allah a fili, har mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya.

Talata, 25 ga Fabrairu

Farfesa ta yi mini maganar a hankali, irin maganar da ake yi wa mara lafiya: da an ajiye wani kaso na irin a ma'ajiyar kowa da kowa, da ba mu shiga wannan tsaka mai wuyar ba. Gaskiya ta faɗa. Amma mabuɗin ma'ajiyar a hannun wa yake? Mai Gawa.

Aikinsa ke nan, ba zagi ba ne: shi yana nazarin ƙarshen labarin, lokacin da ƙwayar ta haƙura ta kashe kanta. Ya shuka tsiro, ya zuba masa maganin da ke hana ninki, ya zauna yana kallon yadda zai mutu, yana rubutawa da fara'a. Tun shekarar da na samo Kurma ya roƙe ni iri, na hana. Ya ce a taro, gaban kowa, tsiron da ba a yarda a gwada shi har ƙarshe ba furen ado ne. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a taƙaice.

Ni dai ceto nake nazari. Shi ya je can ya ji da gawarwakinsa.

Talata, 11 ga Maris

Sun fara fitar da kara. Bakwai ɗin duk suna raye. Na koyi ban ruwa da hagu ba tare da na jiƙa takalmina ba, ci gaba ne.

Autata ta kira daga makaranta, ta ce, "Mama, kin fi tambayar lafiyar ciyawar nan a kan tawa." Na ce ai ke kina da baki, za ki faɗa idan wani abu ya dame ki.

Alhamis, 20 ga Maris

Fure. Farare, ƙanana, kamar kan allura. Wannan tsiron da kansa yake yi wa kansa barbara, garin furen ya zuba a kan macen da ke tsakiya, sai kwanso ya fito. Ba ya buƙatar hannuna, kuma na gode wa Allah da hakan. Nawa kawai in tabbatar ɗakin ya zauna a sanyi.

Litinin, 24 ga Maris

Injin sanyin ɗakin raino ya mutu a ƙarshen mako, ba wanda ya sani. Da na buɗe ƙofa da safe zafi ya buge ni kamar na shiga kicin.

Tsirran sauran mutane sun ɗan langaɓe, amma za su tashi, su sun ji ƙararrawa sun yi abin da ya kamata. Na ɗauki furen Kurma na sa a madubi. Babu gari. Ɗan abin da ke akwai ya dunƙule ya manne, ba ya zuba. 'Yan kwanson da suka fara fitowa sun yanƙwane. Na san haka za a yi, ni na rubuta shi da hannuna a mujalla: ƙwayoyin da ke ciyar da garin fure sun fi kowa yawan ninki, su ne na farkon faɗuwa. Sanin bai rage mini komai ba.

Mai gyara ya ce sai an yi odar abin da ya ƙone, ba wannan makon ba. Tsiron nan kuwa ba ya jira, rayuwarsa gajeriya ce. Idan furannin da suka rage suka buɗe a zafin nan, Kurma ta ƙare daga kanta.

Akwatin raino ɗaya ne ke aiki a duk benen, na Mai Gawa, shi kuma a ɗumi yake ajiye shi da gangan, cike da gwajinsa tun kafin in kwanta ciwo. Ban ma tambaya ba.

Talata, 25 ga Maris

Na zo na tarar babu tukwanena a ɗakin raino. Mai shara ta nuna mini akwatin Mai Gawa da haɓa.

Suna ciki su bakwai, a jere, an mayar da akwatin sanyi. A ƙasan akwatin kuma an sa wasu tukwanen ɗaliban Farfesa. Nasa tsirran suna bakin ƙofa cikin jakunkunan da ake kai wa tukunyar kashe ƙwayoyin cuta. Aikin wata da watanni.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Malam, wa ya ce ka taɓa mini tsirrai?" Wallahi ba shi na yi niyyar faɗa ba.

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Nawa dama mutuwa za su yi, sun ɗan yi sauri ne kawai."

Na koma teburina na zauna.

Laraba, 26 ga Maris

Na je na ce masa na gode. Ya ce ba komai. Na ce da komai. Ya ce to da komai. Muka tsaya cirko-cirko, sai ya ce ruwansa na tafasa, ya wuce.

Na ba maigidan labari, ya ce, "Wannan shi ne mugun da kike ba ni labari shekara da shekaru?" Na ce ya ci abincinsa.

Litinin, 31 ga Maris

Biyu sun bushe. Sauran sun tsufa, ganyen ƙasa ya yi ja. 'Yan ƙananan rassa na gefe ne kawai ke da sauran toho. Kullum ina dubawa, kullum babu gari.

Laraba, 2 ga Afrilu

Akwai! Fure ɗaya a wani reshen gefe, da ɗan gari rawaya a jikinsa, busasshe, mai kyau. Amma bai kai ya zuba da kansa ba, kuma sandunan da ke ɗauke da garin sun gajarta, ba su kai kan macen ba. Sai an ɗauka da hantsaki an shafa wa sauran furannin ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin madubi.

Aikin da nake yi ido rufe a da. Ni nake koya wa ɗalibai. Ni na kafa dokar nan ma, cewa ranar barbara ba a shan shayi da safe don kada hannu ya yi rawa.

Na jira kowa ya fita cin abinci, na gwada. Da dama, hantsakin ya yi ta sara iska. Da hagu, na kama toho ɗaya na tsinke shi gaba ɗaya. Na biyu na farka macen. Na ajiye hantsakin kafin in kai ga furen mai garin, wannan kaɗai ne hankalin da na yi yau.

Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Ba wai Kurma kaɗai ba. Hannun nan nawa ne, da shi na yi komai, yau ina ba shi umarni yana yi mini gardama a gaban fure.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na same shi da sassafe yana wanke kwalabe. Na shirya jawabi tun a mota, amma abin da ya fito shi ne, "Malam, kana da lokaci?"

Ya goge hannu ya ce, "Mu je." A kan teburinsa na ga kofinsa a kife, busasshe. Mutumin da ba ya iya gaisuwa sai ya sha shayi. Ashe ya ga tohon da na tsinke jiya a kan takarda, ya zo yau da shirinsa.

Shi ya zauna a madubin, ni na tsaya a kansa. Hannunsa babba ne, ban taɓa lura ba, amma ko motsi ba ya yi. Na riƙa ce masa, ba wancan ba, na kusa da shi, buɗe a hankali, kada ka taɓa gindin, shafa sau ɗaya ya isa. Ya ce, "Uwar Kurma, kina hura mini iska a kunne." Na ja baya. Can na sake matsowa. Ya ƙyale ni.

Ya shafa wa duk wanda ya nuna, har garin ya ƙare. Na ɗaura musu jan zare da hagu, shi ya ja mini kullin. Da muka gama ya miƙe ya ce kansa na sarawa, zai je ya nemi shayinsa. Na ce ni zan dafa. Na zubar da kusan rabi a hanya, ya shanye sauran.

Talata, 8 ga Afrilu

Kwanso huɗu sun miƙe, kore shar. Sauran sun faɗi. Huɗu! Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Murna ta ragu kaɗan. Farfesa ta tuna mini cewa tukwanen ɗalibanta da ke ƙasan akwatin lafiyayyun tsirrai ne, kuma su ma suna fure, fanka na kaɗawa. Idan garinsu ne ya riga namu sauka, 'ya'yan za su fito da masu gadinsu, ba Kurma ba ce kuma. Na'ura ba za ta raba mana gardama ba, don ɗaya daga cikin naƙasun Kurma har yau ba mu gano inda yake a jerin gadonta ba.

Hanya ɗaya ce. A shuka wasu a faranti da maganin hana ninki. Lafiyayye zai ji, ya kare kansa, ya zauna kore. Kurma ta gaskiya za ta yi fari ta mutu.

Ta ce, "Kin san wanda ya fi kowa iya wannan gwajin." Na sani mana.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Mun girbe. Na riƙe takarda a ƙasa, shi ya murza kwanson. Abin da ya zubo bai rufe farcen ɗan yatsana ba. Kowane kwanso da ƙunshinsa daban.

An gyara injin ɗakin raino. Mai gyaran ya sa wata ƙararrawa da za ta kira wayar Farfesa idan zafi ya hau. Allah ya saka masa.

Laraba, 30 ga Afrilu

Irin ya bushe. Na daɗe zaune da ƙunshin a gabana. Daga kowane kwanso na ware kaso biyu, ɗaya na ƙasa, ɗaya na faranti. Sai in tura ƙwaya ɗaya can, in sake jawo ta nan. Kamar mai rabon nama a gidan yawa.

Na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu. Na ɗauka zai yi wata magana a kan shekarun da na hana shi, na ma shirya amsa. Sai ya ce kawai, "Zan sa musu mafi ƙarancin maganin da zai nuna."

Na ce kada ya tausaya musu, ya yi yadda ake yi. Ni ce na faɗi haka. Ni.

Talata, 6 ga Mayu

Na ƙasa sun tsiro, sun fi na wancan karon yawa nesa ba kusa ba. Ina ba su ruwa ina kallonsu, ban san 'ya'yan waye ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Maigidan ya ji ni bayan salla ina roƙon Allah ya sa su mutu. Ya ce, "Dakta, lafiya? Su wa?" Da na yi masa bayani ya yi dariya har da tari. Wai wata uku yana taya ni addu'ar ciyawa ta rayu, yanzu kuma an juya, a riƙa sanar da shi da wuri.

Hannun ya ɗan yi sauƙi wajen riƙe cokali. Hantsaki kam, mai gashin ta ce kada in sa rai sosai. Na ji zafin maganar, amma bai kai yadda na zata ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Ina ban ruwa ya shigo ɗakin raino da faranti a hannu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Uwar Kurma, albishirinki. Sun mutu."

Duka. Daga kwanso huɗun nan babu kore ko ɗaya, sun yi fari fat, a gefensu kuma lafiyayyun da ya shuka don kwatance suna tsaye kore shar. Ita ce. Ba garin kowa, nata ne. Na ajiye butar don kada in sake ta, na zauna a kan kujerar ƙarfen nan ina dariya hawaye na zuba, shi kuma ya tsaya yana karanta takardar jikin injin sanyi kamar bai taɓa ganinta ba.

Daga baya ya ce ko zan duba. Duk shekarun nan ban taɓa kallon yadda take mutuwa ba, da na ga ta fara wahala nake cire ta. Ya daidaita mini madubin. Ya nuna mini inda ƙwayoyin suka fashe barkatai, ba irin mutuwar tsari da lafiyayye ke yi ba. Amma can a bakin saiwa akwai wasu 'yan ƙwayoyi da suka daɗe ba su sallama ba. Ba su da masu gadi, to wa ya gaya musu? Na ce akwai wata hanyar ceto da ba mu sani ba. Ya ce a'a, mutuwar ce ta makara. Muka yi ta yi har Farfesa ta leƙo ta ce mu rage murya, ana jarrabawa a ƙasa.

Maganarsa ba daidai ba ce, na tabbata. Amma sai an sake gwadawa, da yawa, kuma a kalla har ƙarshe.

Na ce masa idan na ƙasan nan suka yi iri zai samu wasu. Kaɗan dai. Ya ce nawa ne kaɗan? Na ce ya zo da kwalbarsa mu gani.